Hannun Hagun Ambetsa

Ƙungiyar Butsama ta je Nairobi wasan ƙarshe na cin kofi, ta dawo ba kofi. Maki huɗu aka fi ta. Ba alƙalin wasa ne ya cuce ta ba, kada wani ya gaya maka haka, kuma ba tsoron birni ne ya kama yaran ba. Ture ta aka yi, turewa ta gaskiya a bainar jama'a, saboda Ambetsa mai lamba uku ba ya cikin fili. Yana gefe a zaune, wuyansa cikin abin ɗauri na asibiti, yana kallo. Kuma shi ya zaɓa wa kansa wannan zaman, ba wanda ya sa shi.

A ƙwallon zari-ruga akwai masu gudu, akwai masu turi. Masu gudu su ne 'yan gayu, su ake ɗauka a hoto, su 'yan mata suka haddace sunayensu. Masu turi takwas ne. In alƙali ya busa ya ce a haɗa turereniya, sai su sarƙe juna su sunkuya, su haɗa kafaɗa da takwas na ɗaya ɓangaren, a jefa ƙwallo ƙarƙashinsu, wanda ya fi ƙarfi ya ɗauka. Mutum uku ne a sahun gaba. Na dama, mai lamba uku, shi ke cusa kansa tsakanin kawunan ƙarti biyu, nauyin kowa da kowa a wuyansa yake sauka. In ya tsaya, ƙungiya ta tsaya. In ya lanƙwashe, sai a tattara kaya a tafi gida.

Shekara goma sha uku Ambetsa yana wannan aiki. Kafin nan saran rake yake yi a gonakin masana'antar sukarin garin, wadda ita ce ke biyan 'yan wasan albashi. Wuyansa ya haɗe da kafaɗunsa, kunnuwansa sun murɗe kamar soyayyen nama. Ba mai yawan magana ba ne. A duk shekarun nan bai taɓa ɗaga kofi ba, ko na roba. Sau biyu Butsama tana kaiwa kusa ana koro ta, shi kuwa ga shi shekaru sun ja, gwiwa ta fara ƙara in zai tashi daga kujera.

Na tsakiya a sahun gaba, mai lamba biyu, shi ne Owiti, kyaftin ɗin ƙungiya, mutumin bakin tafki. Bakinsa ba ya hutawa. Yana kiran Ambetsa Tsoho, Ambetsa na kiran sa Mai Kifi, kuma da wuya gari ya waye ba su zagi abincin juna ba.

Akwai abin da su biyun suka ƙirƙiro wanda babu shi a wata ƙungiya. A filin Butsama ba a jin magana. Masu ganga suna cika gefen fili tun hantsi suna dukan gangunansu na gargajiya, isukuti, ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ba. Wasu ƙungiyoyi da baki suke ba da umarnin turi, abokan hamayya su ji su shirya. Su Butsama da hannu suke yi. Hannun hagun Ambetsa yana zagaye bayan Owiti, yatsunsa riƙe da rigarsa wajen haƙarƙari. Yana sauraron ƙaton da ke gabansa da wuyansa. Da ya ji ya saki numfashi, ko ya ɗaga ƙafa zai gyara tsayuwa, sai ya matse rigar. Owiti ya matse na hagunsa, su ukun su yi ƙasa kaɗan, biyar na baya su ji a kafaɗunsu, kowa ya tura lokaci guda. Ba kalma ko ɗaya. Mutane da yawa sun tsinci kansu a kwance rigingine ba su san abin da ya same su ba.

Ba su da injin koyon turi irin na ƙungiyoyin birni. Tirelar rake suke turawa. Kowace Talata direban tarakta zai ajiye musu ita cike da rake a bayan masana'anta, su takwas su sa kafaɗa su kai ta gindin bishiyar turaren da ke bakin kwalbati. In ta kai, an tashi. In ba ta kai ba, a dawo da ita a sake.

Kakar wasan ta fara musu da ƙafar hagu. Tun kafin a buɗe lig, ƙungiyoyin Nairobi masu kuɗi suka ɗebe musu masu gudu uku, waɗanda suka fi kowa sauri. Ga shi rani ne, fili ya bushe ƙayau kamar siminti, ranar masu gudu ke nan. Su Ambetsa za su ture mutane su ƙwato ƙwallo, a miƙa wa yaran baya, su zubar da ita, wani siririn yaro ya ɗauka ya tsere. Haka aka yi ta yi. Aka doke su a Nakuru, aka doke su a Kisumu, aka zo har gida aka doke su. Masu ganga suka ragu. Masu babur ɗin haya da ke ɗaukar 'yan wasa kyauta suka fara tambayar kuɗin mai. Kafin a ankara Butsama tana can ƙasan teburi, ita da wata ƙungiya mai suna Kisima suna kallon juna, kuma ɗaya daga cikinsu dole ta sauka ƙaramin rukuni. Manajan masana'anta bai ɓoye ba. Ya zo filin atisaye da takalminsa mai sheƙi ya ce masana'anta ba ta ɗaukar nauyin ƙungiyar ƙaramin rukuni. Ya faɗa sau ɗaya, ya shiga mota.

Sai damina ta sauka, wasannin kofi suka fara.

A taɓo ba a gudu. Ƙwallo na santsi kamar sabulu, kowa na zubarwa, kowace zubarwa kuma turereniya ce. Nan fa Butsama ta samu abin da take so. Ta kori 'yan banki, ta kori 'yan sanda. Wata ƙungiya ta zo daga bakin teku da fararen riguna, ta koma ba a gane launinsu. Masu ganga suka dawo, har da waɗanda ba a taɓa gani ba. Yara suka fara tafiya a titi suna kumbura wuya, wai su Ambetsa ne.

Wasan kusa da na ƙarshe a gida aka yi shi, da 'yan jami'a. Butsama ta ci. Amma bayan hutun rabin lokaci, a wata turereniya da ta rushe, Ambetsa ya ji kamar an zuba masa tafasasshen ruwa daga wuya zuwa yatsun hagu. Ya tashi ya kaɗa hannun, ya koma gurbinsa. A turereniya ta gaba ya ji ƙaton gabansa ya saki numfashi, ya matse rigar Owiti. Ba wanda ya tura. Ya sake matsewa da duk ƙarfinsa, sai a sannan suka motsa, a makare.

Da aka tashi gari ya rikice da murna. 'Yan wasa suka nufi rumfar da suka saba cin abinci, aka kawo ugali, tuwon masararsu, da kaza. Owiti ya zauna gaban Ambetsa yana kallon sa. Can ya ɗauki lemo daga faranti.

Ya ce, "Tsoho, cafe!"

Ya jefa masa ta hagu. Ambetsa ya ɗaga hannu, lemon ya bugi tafinsa ya faɗi ya gangara ƙarƙashin benci.

"Hannuna da maiƙo," in ji Ambetsa.

"Da dama kake cin kaza. Ko yau ka koma bahago ban sani ba?"

"Ci abincinka, Mai Kifi."

"Shekara bakwai hannun nan yana tsinka mini haƙarƙari. Matata har tambayata take wace ce ke mintsini na. Yau kuwa sai na ji kamar jaririya ce ke jan rigata. Ko ka je wajen Dakta ran Litinin, ko ni in je in kai ƙararka."

"Kai dai bakinka zai kashe ka."

"Ya kashe ni ɗin. Miƙo mini cinyar nan, tunda ba ka iya riƙe ta."

Ran Litinin ya je. Dakta Moraa, likitar ƙungiya, mace ce gajeriya da ba ta tsoron ƙarti. Ta sa shi ya rufe ido, ta ɗauki allura tana tsikarar yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsa da manuni ba su ji komai ba. Ta ba shi hannunta ta ce ya matse. Ya matse. Ta ce ya daina wasa ya matse da gaske. Ya ce iyakarsa ke nan.

Ta kira shi da sunan 'yarsa, ta ce, "Baban Muhonja, jijiya ce ƙashin wuya ya danne. In da za ka ji tawa, da yau ka ajiye takalmi ke nan."

"Ba zan ji ba. Faɗi wata."

"Na sani. To, wasan ƙarshe saura mako uku. In ka kwanta, ba turi, ba ɗaukar ko bokiti, wataƙila kumburin ya sauka in sa maka hannu ka buga a Nairobi. Wataƙila na ce."

"Asabar ɗin nan fa? Kisima?"

Wasan Kisima shi ne na ƙarshe a lig. Tun da daɗewa ya kamata a yi shi, ruwa ya cinye gada aka ɗage, sai ga shi ya faɗo a wannan Asabar.

Ta ajiye allurar ta dube shi. "In ka shiga Asabar, ka manta da Nairobi. Ba zan sa hannu ba ko gwamna ka kawo. Kuma hannun ma ban yi maka alkawarin zai dawo ba. Ba ni da ikon ɗaure ka, amma ka ji da kunnenka."

Koci Musonye bai ɓata lokaci ba da ya ji labari. Tsohon mai gudu ne, siriri, har yanzu yana tafiya a kan yatsun ƙafa. Ya ce Ambetsa ya je gida ya kwanta, Liyayi, matashin da ke jiran gurbinsa, zai sa lamba uku ran Asabar.

"Kisima ba komai ba ce," in ji shi. "Duk kakar nan wa suka ci? Za mu lallaɓa mu wuce. Kai kofi nake so ka ɗaga mini. Garin nan bai taɓa ganin kofi ba, kai ma ba ka taɓa ba. Wannan ce damarka ta ƙarshe, ka fi ni sani."

"Koci, ka san mai lamba ɗayansu?"

"Barasa? Ya tsufa."

"Ai na girme shi da shekara biyu."

"To, ka gani! Tsoho ne." Koci ya yi dariya, Ambetsa bai taya shi ba.

A gida Khatenje matarsa tana tace madara cikin jarkokin da take kaiwa kasuwa. Ta riga ta ɗinka sabuwar rigar da za ta sa zuwa Nairobi, tana rataye a ƙusa. Ya gaya mata yadda aka yi da Dakta, bai rage komai ba. Ta gama tacewa, ta rufe jarka, sannan ta juyo.

Ta ce, "Baban Muhonja, ni ba kofi nake aure ba, ba kuma lig ba. Hannu biyu na aura. Ka bar musu duka biyun."

"Ba zai yiwu ba."

"To, in dole sai ɗaya, ka ɗauki wanda Dakta ta ce akwai dama. Ka huta. Ko sau ɗaya a rayuwarka ka bari wani ya ɗauki nauyin."

Ya ce to. Kuma da gaske yake nufi a lokacin. Yana son kofin nan, so irin wanda ba a faɗa. Ya sha ganin kansa yana saukowa daga mota a tashar garin da shi a ka, 'yarsa Muhonja tana gaba tana tsalle.

Ran Talata ya je bayan masana'anta kallo kawai, ya zauna a kan tayar tarakta. Liyayi ya shiga gurbinsa. Ƙato ne, ya fi Ambetsa tsayi da nauyi, kuma ba rago ba ne. Amma bai daɗe da fara wannan matsayi ba, yana turi da ƙirji ne maimakon ƙafa, bayansa a gantsare. Tirela ta motsa, ta yi rabin hanya, ta tsaya. Aka dawo da ita. Ta sake tsayawa a wuri guda. A karo na uku ko nan ba ta kai ba, har ta ɗan dawo baya. Owiti ya miƙe ya tofar da yawu, ya kalli bishiyar, bai kalli Ambetsa ba.

Ambetsa ya san Barasa. Ya san yadda yake shigar da kansa ƙarƙashin ƙirjin mutum ya ɗaga shi sama kamar buhu. Mai gantsararren baya irin na Liyayi, abincinsa ne. Kowace turereniya za ta zama bugun hukunci, kowane bugu maki uku.

Daga inda yake zaune yana hango gonakin rake. Masu sara suna fitowa, baƙi ƙirin da tokar ƙonannen ganye, adduna a kafaɗa, ƙafafu duk yanka. Ya san wannan aiki ciki da bai. Ya juyo ya kalli mutanen da ke haki a gaban tirela. Rabinsu daga can aka ɗauko su. In ƙungiya ta sauka, Owiti zai samu wata, masu gudu biyu ko uku za su samu. Sauran can za su koma. Kofi kuwa, in an ci shi, zai zauna a cikin gilashi a ofishin manaja.

Ya tashi ya tafi wajen Koci.

"Ba ni rigata ran Asabar."

"Ka haukace? Nairobi fa?"

"Liyayi zai je Nairobi. A can in an ture shi kofi za a rasa. A nan in an ture shi, babu ƙungiya."

"Ambetsa, ka tsaya ka yi tunani."

"Na yi. Ba na maimaita tunani, kaina ba ya ɗauka."

Liyayi ya matso, kansa a ƙasa. "Yaya, ka bar mini. Zan yi iya ƙoƙarina."

"Na san za ka yi. Ƙoƙarinka na baɗi ne. Miƙe bayanka, ka daina tsayawa kamar akuya za ta yi fitsari."

Khatenje ba ta yi masa faɗa ba da ya gaya mata. Ta ciro sabuwar rigar daga ƙusa ta ninke ta saka a akwati. Ran Asabar da safe ita ta dafa masa shayi da dankali, ita ta ɗaure masa igiyar takalmi, don yatsun ba sa iya kama ta.

An yi ruwa tun asuba. Jama'a ba su cika ba, mutane suna tara kuɗin motar Nairobi, amma masu ganga sun zo, sun lulluɓe gangunan da leda. A turereniyar farko Barasa ya leƙo ta ƙarƙashin gira ya yi murmushi, haƙoransa biyu na gaba babu.

"Na ji an ce hannunka ya mutu, mutumina."

"Ɗaya ya ishe ka."

Suka haɗu, ƙara kamar an rufe ƙofar ƙarfe. Barasa ya nemi shiga ƙarƙashinsa, ya tarar ba hanya. Ambetsa ya sauko ƙasa har gwiwarsa na shafar taɓo, ya kafe. Ba su ture Kisima ba, amma Kisima ma ba ta ture su ba, kuma abin da ake nema ke nan. Matsin hannun yana zuwa, da rauni, amma yana zuwa. Owiti ya koyi sauraron sa kamar mai sauraron raɗa.

Kowace haɗuwa wutar nan tana sauka daga wuya zuwa yatsu. Da aka tafi hutu Dakta Moraa ta zo da allurarta, ya ɓoye hannun a bayansa ya ce mata yana shan ruwa. Ta tsaya ta kalle shi, ta juya ta tafi.

Wasan bai yi kyau ba, ba abin da za ka ba jikoki labari. Taɓo ne da faɗuwa da bugun hukunci. Yaran baya suka zubar da ƙwallo sau biyu a bakin layi. Kisima ta samu ta tsallaka layi da ƙwallo ta ci sau ɗaya ta gefe. Lokaci na ƙarewa Kisima na gaba da maki uku, kuma ko canjaras aka yi ita ce za ta tsira, don ta ɗara Butsama a teburi.

Ana cikin haka wani ɗan Kisima ya kwanta kan ƙwallo a gab da layinsu ya ƙi tashi. Alƙali ya busa, ya ba Butsama hukunci, ya ce wa Owiti wannan ne na ƙarshe. Bugawa tsakanin sanduna ba ta da amfani, maki uku canjaras ne. Sai an kai ƙwallo bayan layi an dangwala, a samu maki biyar. Koci yana ta ihu daga gefe a buga ta waje a jefo ta daga gefen fili, ganga ta hana a ji shi. Owiti ya juyo wajen Ambetsa.

Hannun hagun yana lilo a gefensa kamar ba nasa ba. Tun turereniya biyu da suka wuce ya daina jin sa gaba ɗaya.

Owiti ya sa baki a kunnensa. "Tsoho, gaya mini gaskiya."

"Turereniya."

"Da wane hannun?"

"Ɗaga shi ka ɗora a bayanka. Cusa yatsun cikin rigar. Kada alƙali ya gani."

"Wa zai ba da alama?"

"Kai dai ka saurara."

Owiti ya nuna wa alƙali turereniya. Ya yi kamar yana gyara riga, ya kamo hannun, sanyi ƙalau, ya zagaya da shi bayansa, ya lanƙwasa yatsun ɗaya ɗaya cikin yadin. Suka sunkuya. Suka haɗu. Aka jefa ƙwallo, Owiti ya shure ta baya, ta tsaya a ƙafar mai lamba takwas.

Babu abin da ya motsa. Mutum goma sha shida suna nishi, tururi na tashi daga bayansu, taɓo na fitowa ta tsakanin takalma. Ambetsa ba ya ganin komai sai ciyawa. Wuyansa kamar ana sara shi da adda. Yana jira. Barasa ya riƙe, ya riƙe, ya riƙe. Can ƙafarsa ta hagu ta ɗan zame a taɓo, ya ɗaga ta zai sake kafawa.

Butsama ta tura, su takwas kamar mutum ɗaya.

Barasa ya miƙe tsaye ba da son ransa ba, kansa ya fito sama yana kallon hadari. Sahun Kisima ya karye, suka yi ta baya suna tattaka juna. Mai lamba takwas ya bi da ƙwallo a ƙafa har ta haye layi, ya faɗa kanta. Alƙali ya ɗaga hannu. Masu ganga suka yar da leda.

Ambetsa bai tashi ba sai da aka ɗaga shi. Barasa na cikin waɗanda suka ɗaga shi, ƙungiyarsa ta sauka amma ya tsaya ya riƙe masa kai har aka kawo abin ɗaukar marasa lafiya.

Har gobe Owiti yana rantsuwa cewa ya ji matsin, wai har ya bar masa shaida a haƙarƙari. Dakta Moraa ta ce hannun nan a ranar ko ƙuda ba zai iya matsewa ba. Da aka tambayi Ambetsa, cewa ya yi shi bai sani ba, ya dai aika saƙon, ko ya isa ko bai isa ba wannan tsakanin Mai Kifi ne da rigarsa.

Nairobi kuwa an je. Motoci cike, ganguna a saman kaya. Khatenje ta fito da rigarta ta sa, ta zauna kusa da mijinta a benci tana gyara masa abin wuya. Rana ta fito a ranar, fili ya bushe. Yaran baya, abin mamaki, suka yi wasan da ba su taɓa yi ba duk kakar, suka tsallaka sau biyu. Liyayi ya miƙe bayansa, ya yi iya yinsa, har ya ba mutane mamaki a farko. Amma bayan hutu ƙafafunsa suka gaji. Aka fara tura su baya, alƙali na busawa, mai bugun 'yan birni ba ya kuskure. Uku, uku, uku. A haka maki huɗun suka fito.

Liyayi ya zo gefen fili yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Yaya, na kashe ku."

"Share fuskarka, ana ɗaukar hoto. Talata ina jiran ka a bayan masana'anta."

Aka raba wa waɗanda suka buga lambar yabo ta waɗanda suka zo na biyu. Ambetsa ba ya cikin waɗanda suka buga, ba a kira sunansa ba. Owiti ya cire tasa zai rataya masa, ya kauce.

"Riƙe abarka. Ni ba na sa lambar waɗanda aka doke."

"Ji shi! Tsohon banza mai hannu ɗaya."

"Ɗayan ma ya ishe ka."

Da aka buɗe sabuwar kaka Butsama tana babban rukuni, ba wanda ya koma saran rake. An yi wa Ambetsa aiki a wuya a Eldoret, hannun ya dawo rabi. Bai sake shiga fili ba. Masana'anta ta ba shi gadin ƙofar da tireloli ke shiga, yana ɗaga sandar ƙarfe da dama. Ran Talata yana hawa saman raken ya zauna, wai don ya ƙara musu nauyi, yana zagin Liyayi har tirela ta kai gindin bishiya.

Kofi dai bai ɗaga ba, kuma ba zai ɗaga ba. Babban yatsa da manuni na hagu ba su sake jin zafi ko sanyi ba. In zai juya ya kalli mai kiran sa, sai ya juyo da jikinsa duka. Kullum da safe yana tsayawa a bakin ƙofa da rigar aiki a buɗe, Khatenje ta ajiye jarkar madara ta zo ta saka masa maɓallai.